Doguwar Tafiyar Keke Daga Darki: Yadda Za Ku Isa, Da Inda Za Ku Bar Mota

Tambaya: Ni da abokaina muna hawan keke a cikin birnin Kano duk ƙarshen mako. Yanzu muna son mu fita doguwar tafiya ta yini ɗaya ko biyu, kuma mun zaɓi mu tashi daga Darki ta ƙaramar hukumar Wudil domin mu kauce wa cunkoson birni. Yaya za mu kai kekunan can, kuma ina za mu bar mota hankalinmu kwance? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, Allah ya yi albarka da kuka fara da wannan tambaya. Masu shirin irin wannan tafiya sukan ƙare tunaninsu a kan keke da guzuri, sai sun isa wajen tashi sannan su fara waige-waigen inda za su ajiye mota. Daga nan matsala take farawa, domin wanda ya bar mota inda bai amince ba, zai yini yana tuƙa keke zuciyarsa tana baya.

A Turai akwai dogayen hanyoyin keke 17 da ake kira EuroVelo, ɗaya daga cikinsu ta tashi daga gaɓar tekun Atlantika a Faransa har zuwa Baƙin Teku. A irin waɗannan hanyoyi mutum yakan tarar da alamomi da wajen ajiye mota da tashar jirgin ƙasa a kusa. Mu a nan ba a gina mana wannan ba. Abin da muke da shi mutane ne: mai unguwa, da manajan gidan mai, da maigadi, da mai shayin bakin titi wanda ya san motsin kowa. Saboda haka shawarata kacokan ita ce ku bar motarku a hannun mutum, da saninsa da yardarsa. Sai da ɗan gari akan ci gari.

Zaɓen rana

Kafin ku duba taswira, ku duba ranakun kasuwa. Kasuwar Darki tana ci ranar Alhamis, ta Wudil kuma ranar Juma'a, ita ce babbar kasuwar shanun nan da fatake ke zuwa daga nesa. A waɗannan ranaku biyu bakin titi yakan cika da motocin kaya da amalanke da babura, manyan motocin dabbobi suna shige da fice, filin da kuka hango fayau ranar Talata kuma sai ku tarar an baza buhuna a kansa. Mai keke ba shi da wurin raɓewa a irin wannan hali, mai neman wajen ajiye mota kuma zai sha wuya. Asabar ta fi muku sauƙi. Idan tafiyar ta kwana ce, ku lissafa ranar dawowa ita ma, kada ta faɗa ranar kasuwa.

Lokacin shekara ma yana da tasiri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyin hunturu yana taimakon mai keke, amma hazo yana rage ganin direbobi da sassafe, don haka ku sa riga mai haske da fitilar baya. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40 ko fiye, tafiyar da ba a kammala rabinta kafin hantsi ya dubi ludayi ba wahala ce. A damina, musamman watan Agusta, hanyoyin ƙasa sukan zama taɓo.

Kai kekuna Darki

Daga Kano za ku bi titin Maiduguri ta Hotoro da Mariri, tafiyar kimanin kilomita 40 zuwa Wudil, ku haye gadar kogi, ku ratsa gari, sannan ku kama titin da ya nufi Takai da Birnin Kudu. Darki tana gaba kaɗan a kan wannan titi. Ku tashi da an idar da sallar asuba, domin ku isa ku gama sallama da jama'a rana ba ta ɗaga ba. Ban ba ku shawarar ku hau keken tun daga Kano ba. Titin na tireloli ne da motocin haya masu gudu, kuma ƙarfin da za ku ƙarar a kansa shi kuke buƙata a hanyoyin ƙauye.

Idan da motarku za ku, ku cire ƙafar gaba ta kowane keke, ku kwantar da shi ɓangaren kaca yana sama, ku sa kwali ko tsohon bargo tsakanin keke da keke. Kada ku ɗora komai a kan ƙarfen canza giya na baya, domin ɗan lanƙwasa kaɗan ya isa ya ɓata muku yini. Idan a saman mota za ku ɗaure, ku tsaya bayan 'yan kilomitoci ku sake jan igiya, tana saki da girgiza. Idan kuma motar haya za ku shiga, ku daidaita kuɗin kaya da ɗan kamasho tun kafin a ɗora, ku kuma tsaya a kan keken ana ɗaurewa, kada a danne wayoyin ƙafa da buhu.

Inda za a bar mota

Wuri mafi kyau shi ne wanda ke da katanga da mutumin da ke kwana a ciki. Gidan mai yana da kyau, da sharaɗin ku yi magana da manaja. Yaran da ke kan famfo suna canjin aiki, wanda ya ce muku babu komai da safe ba lallai shi za ku tarar da yamma ba. Na biyu shi ne ƙofar gidan mai unguwa ko dagaci. Ku sauka, ku yi sallama, ku gaisa a natse. Ku ce: ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kano, za mu zaga ƙauyuka da keke, muna neman inda za mu bar mota zuwa la'asar. Yawanci shi da kansa zai nuna muku wurin, ya kuma haɗa ku da wanda zai sa ido. Daga wannan lokaci motar ta zama amana a unguwar.

Ga abin da za ku bari a hannun wanda ya karɓe ku: sunan ɗaya daga cikinku, lambar waya biyu, lambar motar, hanyar da za ku bi, da lokacin da kuke sa ran dawowa. Ku ma ku karɓi lambarsa, ku gwada kira nan take. Idan maigadi ne, ku yi maganar ladansa tun farko don kada a rabu da ɓacin rai. Idan motar za ta kwana, ku sanar da 'yan sanda ko 'yan sintirin garin, domin baƙuwar motar da ta kwana babu mai ita abin zargi ce a ko'ina, kuma da gaskiyar jama'a.

Akwai wuraren da za ku guje wa ko da sun yi muku kyau a ido. Kafaɗar babban titi, inda manyan motoci ke raɓewa. Ƙofar masallacin Juma'a ko makaranta. Burtali, wato hanyar shanu, ko da kun tarar babu ko saniya ɗaya, garke yana tafe. Gefen gona, ko bayan girbi ne, sai da izinin mai ita. A damina kuma ku nisanci kwari da bakin fadama. Kogin Wudil yana ɗauke da ruwan kogin Kano da na Challawa, waɗanda madatsun Tiga da Challawa ke kansu, kuma ƙasar da ke tauri da safe takan riƙe taya bayan ruwan sama guda. Ku nemi tudu mai inuwar darbejiya, ku juya motar ta fuskanci hanyar fita. Kada ku bar jaka ko waya a kan kujera, kada kuma ku bar batirin cajin waya a cikin motar da za ta yini a rana.

Idan ba inda kuka tashi za ku dawo ba

Ga dabarar da mutane suka fi mantawa. In za ku tashi daga Darki ku ƙare a wani gari, ku kai motar can garin da za ku ƙare tun da safe, sannan ku shiga motar haya da kekunanku ku dawo wajen tashi. Neman mota da ciniki da ɗaurin kaya sun fi sauƙi da safe kuna da ƙarfi, a kan bayan magariba kuna gajiye, motoci sun yi ƙaranci. In kuna da wanda zai tuƙa ya tarbe ku a gaba, ya fi komai.

Kafin ku ɗaga ƙafa

Ku hau keken ku zaga ɗan fili kusa da motar, ku gwada birki da giya, ku tabbata ƙafar da kuka mayar ta ɗauru sosai. Abin da ya lalace a nan gyaransa mai sauƙi ne. Ku ɗauki tif biyu kowa, da faci da famfo. Tsidau ya yi yawa a gefen hanyoyin ƙauye, ɗan ƙwallo ne mai tsini da yake kwance cikin rairayi, yana huda taya ba ku ji ba sai bayan tafiya ta yi nisa. In an yi faci, ku shafa cikin tayar da yatsa a hankali ku cire ƙayar, in ba haka ba za ta sake huda sabon tif. Ruwa kuwa, ku lissafa rabin lita zuwa lita ɗaya ga kowane mutum a duk awa idan ana zafi, ku haɗa da ƙullin gishiri da sukari na kemis. Ku ajiye lambar 122 ta hukumar kiyaye haɗurra da 112 ta gaggawa a wayoyinku.

In kun ga za ku makara, ku kira wanda kuka bar wa motar kafin shi ya fara neman ku. In kun dawo, ku koma ku yi godiya da sallama kafin ku tayar da mota, ko da dare ya yi. Masu keken da za su zo bayanku irin tarbar da za a yi musu tana hannunku. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.