Idan Jirgi Ya Tsaya a Gaɓa

Jikana, mahaifiyarka ta hau mana nan Mpape ranar Juma'a da albishir cewa ka sami aiki a ɗakin girkin jirgin ruwan masu yawon buɗe ido. Allah Ya sa albarka. Ta ce duk tashar da kuka tsaya akan ba ku 'yan sa'o'i ku sauka ku sha iska. A kan wannan nake son mu yi magana, don ni ma na taɓa ɗanɗanawa.

A 1969 na shiga Aureol, jirgin kamfanin Elder Dempster, daga Apapa zuwa Liverpool, tafiyar kusan mako biyu. Mun tsaya a Tema, da Firitawun ta Saliyo, da Las Palmas. A Las Palmas na biye wa abokan tafiya, muka yi ta sassarfa daga kanti zuwa kanti. Yau in ka tambaye ni me na gani, ba ni da amsa sai ciwon ƙafa.

Tema kuwa har gobe tana raina. Wani ɗan dako ya ji na yi sallama, ya amsa da Hausa, ya nuna mini motar Akra, ya ce in nemi Sabon Zango. A can na yi azahar ƙasaru, wani dattijo mai sayar da goro ya zaunar da ni a tabarmarsa, aka kawo mini shinkafa da wake, wadda su ke kira waakye. Ya ce kakansa daga Katsina ya zo fataucin goro, bai koma ba. Mun yi hirar da ba ta kai sa'a biyu ba, amma ga shi shekara hamsin da ɗoriya ina yi masa addu'a.

Don haka in ka sauka, zaɓi wuri ɗaya ko biyu, ka zauna. Nemi masallaci tukuna, nan za a gaya maka inda ake yanka na halal. In babu, kifi ya wadatar, ai bakin teku kake. Wurin da ka zaɓa kuwa, kada ka ce za ka dawo wata rana ka gani. Rimin nan na tsakiyar Firitawun, da na tsaya a inuwarsa, guguwa ta kayar da shi a watan Mayun 2023.

Sai batun lokaci, kuma a nan ka saurare ni da kyau. Jirgi ba motar haya ba ce da ke jiran fasinja ta cika. Yana da agogonsa, wanda wani sa'in yakan saɓa wa na gari, wayarka kuma na iya komawa lokacin gari ba ka sani ba. Ɗaura agogon hannu, ka saita shi da na jirgi, ka dawo saura sa'a guda. Rubuta sunan tashar da lambar wakilin jirgi a takarda ka sa aljihu. Yi ciniki da mai tasi kafin ka shiga. Kuma kada ka karɓi saƙon kowa ka shiga da shi jirgi, ko da ya haɗa ka da Allah.

In ka sami intanet a gaɓa, kira mahaifiyarka kafin ka fara ɗaukar hoto. Tun da ta ji teku ne, ba ta barci sosai.