GYAMBON CIKI DA ABINCIN GONARMU

'Yan'uwa manoma, da yawa a cikinmu suna kuka da zafi tsakanin cibiya da ƙirji, musamman da tsakar dare ko lokacin da ciki ba kome. Sau da yawa wannan gyambon ciki ne, wanda ake kira olsa.

A dā an ɗora laifin a kan yunwa da barkono. Amma a 1982 likitoci biyu a ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta da ke zama cikin tumbi, ita ce ke kawo yawancinsa. Barkono fama gyambon kawai yake yi. Ƙwayar takan shiga jiki tun ana yara, ta ruwa ko abinci marar tsabta. Saboda haka ƙungiyar da ta yi wa rijiyarta murfi ta riga ta soma magani.

Sanadi na biyu shi ya fi damuna. Mutum ya wuni yana huɗa, ya dawo da ciwon baya, sai ya sayi asfirin ko ibuprofen wurin mai talla, ya haɗiye ciki ba kome. Yau haka, gobe haka. Waɗannan ƙwayoyi suna cin bangon tumbi. Taba da burukutu kuma suna hana gyambo warkewa.

To, wane abinci ne ke taimako? Masu bincike sun lura cewa masu yawan cin wake, ganyaye da 'ya'yan itace ba su cika kamuwa ba. Ga zogale, rama, kuɓewa, gwanda da ayaba a bayan gida. Kabeji ma yana da kyau, kuma yana yi a fadama da rani. Kindirmo mai tsabta da zuma kaɗan suna da amfani, amma kada a ba jaririn da bai shekara ba zuma. Madara takan kwantar da zafin na ɗan lokaci, daga baya ya dawo. Haka ruwan kanwa. A karya kumallo kafin a tafi gona, kada goro ya zama kalaci.

Sai dai abinci ba ya kashe ƙwayar. Wannan aikin maganin asibiti ne, na kwana 10 zuwa 14, kuma dole a shanye shi duka ko an ji sauƙi. Wanda ya yi aman jini, ko ya ga bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta, a kai shi asibiti a ranar, ko da ana tsakiyar girbi.