Amsoshin Tambayoyinku: Faifan Farko da Ya Kafa Tarihi

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya: a cikin mawaƙan Turai, faifan farko na wa ya fi yin fice?

To malam, mun gode. Masana kan fara ambaton "Please Please Me" na ƙungiyar Beatles ta birnin Liverpool a Ingila, wanda ya fito a watan Maris na 1963. Waƙoƙi 14 ne a cikinsa, kuma goma daga ciki a yini guda aka naɗe su a Landan, ranar 11 ga Fabrairu. John Lennon, ɗaya daga cikin mawaƙan ƙungiyar, na fama da mura ranar, shi ya sa furodusansu George Martin ya bar waƙar "Twist and Shout" sai ƙarshe, don ya san za ta dishe wa Lennon murya. Dishewar kuwa ta ƙara wa waƙar armashi. Faifan ya yi mako 30 yana kan gaba a kasuwar Birtaniya.

Akwai kuma "Diamond Life", faifan farko na Sade, haifaffiyar Ibadan, wanda ya fito a 1984, ya kuma lashe lambar yabo ta Brit a 1985.