Idan Minista Ya Ba da Umarni, Dole Ne a Bi?

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe da ke shirin JAMB, wataƙila kun tuna abin da ya faru a watan Yuli na 2024. A taron da hukumar JAMB ke kira duk shekara a Abuja, ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce wanda bai kai shekara 18 ba ba za a ba shi gurbin karatu a jami'a ba. Nan take mahalarta taron suka yi ca, har ya sassauta ya ce a bar shekara 16 a wannan zangon. Da Dakta Tunji Alausa ya karɓi ma'aikatar a ƙarshen wannan shekarar, sai ya soke batun 18 ɗin gaba ɗaya. Mu a wannan ƙungiya muka tambayi kanmu: daga ina mutum ɗaya ya samo ikon da zai iya zaunar da ɗalibi a gida shekara biyu?

Amsar tana hawa biyu. Na farko tsarin mulkin 1999. Sashe na 147 ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa ministoci da amincewar Majalisar Dattawa, na 148 kuma ya ba shi damar ɗora musu ayyukan gwamnati. Amma wannan kaɗai bai sa minista ya zama mai gidan kowace hukuma ba.

Hawa na biyu shi ne dokar da ta kafa ita hukumar. JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana da dokarta, kamar yadda NECO da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, suke da nasu. A yawancin irin waɗannan dokoki akwai sashen da ke ba minista izinin ba hukumar umarni kan manufa gaba ɗaya, ya kuma wajabta wa hukumar ta bi. Daga nan ne wajibcin yake fitowa. Majalisa ce ta ara wa minista ikon, ita ce kuma za ta iya gyara dokar ta karɓe abinta.

Ku lura da kalmar "gaba ɗaya", domin nan ne gizo ke saƙa. Minista na iya tsara hanyar da za a bi wajen ɗaukar dukkan ɗalibai. Amma in ya ce a ƙara wa ɗan wane maki, wannan ya fita daga manufa ya koma alfarma. Haka kuma umarnin ba zai ci karo da dokar da ta haife shi ba, balle tsarin mulki. Idan ya wuce gona da iri, wanda abin ya shafa na iya zuwa kotu, alƙali kuma na da ikon rushe umarnin.

Mun ga irin haka a 2021, lokacin da ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter a watan Yuni. NBC ta umarci gidajen rediyo da talabijin su daina amfani da shi, aka yi wata bakwai ana haka. A 2022 kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatarwar ta tauye 'yancin faɗar albarkacin baki.

Akwai kuma hukumomin da aka nesanta da hannun minista da gangan. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta ce bankin mai cin gashin kansa ne wajen gudanar da aikinsa.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda umarnin ke iso mana. Sau da yawa a rediyo muke ji, ko a wani hoton takarda da ke yawo a WhatsApp, babu sa hannu babu kwanan wata. A ganinmu, umarnin da zai taɓa makomar dubban ɗalibai ya kamata a rubuta shi, a faɗi sashen dokar da ya dogara da shi, a buga kowa ya gani. Mun roƙi malamin darasin gwamnati ya taimaka mana da kwafin dokar JAMB, za mu liƙa sashen a gefen wannan allo mako mai zuwa.