Tambarin 875 a jikin tagulla

Ranar wata Talata bayan la'asar wata dattijuwa ta shigo shagona riƙe da ƙulli a cikin mayafinta. Shekara goma sha tara ke nan ina sana'ar gwal, tun ina yaron shago mai goge gilashi da kai saƙo wurin maƙera, kuma na sha ganin mutum ya kawo jabu bai san jabu ba ne. Amma ta wannan baiwar Allah har yau ba ta bar zuciyata ba.

Muka gaisa, ta zauna a benci, ta kwance ƙullin. Awarwaro shida, zobe biyu, sarƙa da 'yan kunnenta. Ta ce ɗanta ne ke kwance da ciwon ƙoda, sau biyu a mako ake yi masa wanki, kuɗin hannu sun ƙare, har gonar gado an jinginar. "Alhaji, wannan ita ce ajiyar da na yi wa rana irin ta yau. Ka auna ka ba ni abin da Allah ya sa suka kama."

Na ɗora a sikeli, giram 94 da ɗoriya. Kowane ɗaya da tambarinsa na 875 raɗau, mai nuna ingancin gwal. Sai dai tun da na ɗaga awarwaron farko hannuna ya ƙi yarda, domin girmansa ya fi nauyinsa. Na goga a dutse, na ɗiga ruwan gwaji, layi ya tsaya cak kamar na gaske. Hankalina dai bai kwanta ba. Na ce, "Hajiya, ki yi mini izini in ɗan kankare ta ciki, inda ba za a gani ba." Ta ce in yi. Magagari bai yi nisa ba ja ya bayyana, ina ɗiga ruwa wurin ya yi kore yana tafasa. Tagulla ce aka yi wa riga mai kauri. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, awarwaro shida da zobe biyu, babu na kirki ko guda. Sarƙar da 'yan kunnen, waɗanda marigayi mijinta ya sayo mata a Makka, su kaɗai ne gwal. Giram 17.

Da na gaya mata sai ta miƙe tsaye. "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. So kake ka karya mini kaya ka saye su da araha." Ban ji haushinta ba, ai zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Na ce ta zaɓi duk shagon da ta ga dama a layin nan, yarona ya raka ta, kada ma ta ce daga wurina take. Ta shiga shago biyu, ɗaya mai na'ura. Da ta dawo ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta zuba wa kayan ido, can ta ce, "Shekara uku ina fitar musu da zakka." Wani malami ne ya gaya mata tunda ajiya ta yi ba ado ba, kuma sun haura giram 85, to zakka ta hau kanta. Mace mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tana tsame kuɗi daga jarinta tana fitar wa tagulla zakka. Ladanta yana wurin Allah, amma ni a ranar na ji kunyar sana'ata.

Na tambaye ta inda ta saya. Wata dillaliya ce, 'yar uwar maƙwabciyarta, wadda ake cewa tana zuwa Dubai saro kaya. Duk kwasar adashe sai ta kawo mata biyu, a farashin da bai kai na kasuwa ba, ana biya kaɗan-kaɗan. Na ce ina rasit? Ta zaro wata takarda da aka yago daga littafin 'yan makaranta, an rubuta "awarwaro 2, an biya". Babu nauyi, babu karat, babu sunan shago, ko kwanan wata babu. Lambar matar a kashe take, maƙwabciyar kuma ta ce ai tuni ta bar garin.

To ku saurara. Tambari a ƙasar nan ba shaida ba ne. Gwal ba ya araha, duk wanda ya sayar miki ƙasa da farashin ranar, ko jabu ne ko na sata. Kayan da ba a auna a gabanki ba, ba a gwada a gabanki ba, ba a rubuta miki rasit ba, ba ki sayi gwal ba tukuna.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutane ke tsayawa su yi rabin awa suna cinikin atamfa, su ja ta, su duba bakinta, su murza ko za ta zuba, amma su miƙa kuɗin gumin shekara guda a kan abin da suka gani a hoton WhatsApp. Ka ce wa mace ta tsaya a gwada, ta ce ai ƙawarta ce, kunya take ji. Ranar da asiri ya tonu kunyar nan ba za ta biya kuɗin asibiti ba. Maza ma haka suke lokacin haɗa lefe, a shigo a gurguje, a nuna da yatsa, a tura kuɗi, ka ce ga rasit a ce bar shi kawai, mun yarda da kai. Kada ku yarda da ni. Ku karɓi rasit.

Ba kuma zan rufa wa namu asiri ba. Akwai mai shago da zai sayar da karat 18 a kuɗin karat 21. Akwai mai auna sarƙa da duwatsunta duka a farashin gwal, ranar da ka dawo sayarwa kuma shi ne zai fara ɓamɓare duwatsun kafin ya ɗora a sikeli. Akwai wanda sikelin sayensa daban, na sayarwarsa daban. Ƙarfen buga 875 ko 916 ko 750 kuwa ba wani abu ba ne mai wuyar samu, yaron da ya yi wata shida a gindin maƙeri zai iya buga shi a jikin cokali. Irin waɗannan su ne waken da ke ɓata mana gari, su suka ja har dattijuwar nan ta dubi idona ta ce in ji tsoron Allah.

A Birtaniya tun shekarar 1300 aka fara tilasta gwada kayan maƙera, kuma a ƙarƙashin dokarsu ta 1973 ba ka da ikon sayar da abu da sunan gwal, muddin ya haura giram ɗaya, sai ya bi ta ɗaya daga ofisoshin gwaji huɗu da ke Landan, Birmingham, Sheffield da Edinburgh. Su ke buga tambarin, ba mai shago ba. Indiya, wadda matanta suka fi namu son gwal nesa ba kusa ba, ta wajabta tambarin hukuma a 2021, kuma daga Afrilun 2023 kowace sarƙa sai da lambarta ta musamman mai harafi da alƙalami shida, wadda mai saye zai shigar a wayarsa ya ga karat ɗinta da wurin da aka gwada ta. Mu a nan tambarin da ke jikin kayan da ke yawo a kasuwa, wanda ya ƙera ko wanda ya shigo da su ne ya buga abinsa, shi ne mai kaya shi ne kuma mai shaida.

Ba wai babu doka a kanmu ba. Mai sayar da gwal dole ya yi rajista da sashen SCUML da ke ƙarƙashin EFCC, kuma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. Ina goyon bayan wannan, domin kowa ya san yadda ake ɓoye dukiyar sata da kuɗin fansa a cikin gwal. Amma wannan doka tana duba inda kuɗi suka fito ne, ba ta duba abin da aka miƙa wa mai kuɗin. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yi wa kaya bayanin ƙarya, a Kano ma akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha. Kuna iya kai ƙara. Sai dai da me za ku je? Wanda ya shiga ofis da fallen littafin makaranta, ko jami'in yana son taimakonsa hannunsa a ɗaure yake. Shi ya sa nake ta nanata rasit: sunan shago da adireshi, kwanan wata, karat, nauyin gwal ban da duwatsu, farashin giram, kuɗin aiki daban, da sa hannu.

Roƙona ga gwamnati bai da yawa. A kafa wurin gwaji na hukuma a manyan kasuwannin da ake hada-hadar gwal, inda mai saye zai biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a gwada masa. Sashen awo da ma'auni na ma'aikatar ciniki, wanda ke duba famfunan gidajen mai, ya riƙa leƙo sikelinmu yana manna masa shaida. Ƙungiyoyinmu na 'yan gwal su ma su daina sasanta maha'inci a bayan shago saboda ɗan gidan wane ne. Tun da naira ta faɗi a 2023, ga gwal ya haura dala 4,000 kowane oza a 2025, mutanen da ba su taɓa riƙe shi ba sun kwararo kasuwa don tsare darajar kuɗinsu, 'yan damfara kuma sun biyo su a baya. Masu cewa ka zuba kuɗi a gwal ta intanet a riƙa ba ka riba duk wata, waɗannan ko amsa sallamarsu kada ku yi.

Na sayi giram 17 ɗin nan a cikakken farashin ranar, maƙwabtana na layi suka haɗa abin da ya sawwaƙa muka ƙara mata. Awarwaron ta ce ba za ta koma da su gida ba, suna nan cikin gilashina ina nuna wa duk wanda ya ce tambari ya ishe shi.

Iyayena mata da 'yan uwana, duk wadda take da gwal a ƙasan akwati wanda ba a taɓa gwada shi a gabanta ba, don Allah ta ɗauko shi cikin makon nan ta kai shago biyu daban-daban a gwada, tun wanda ya sayar mata yana ɗaga waya.