Amsoshin Tambayoyinku: Dokin Wasa na Gwanjo, Yaya Ake Gane Mai Daraja?

Tambaya: Ni mai sha'awar dawaki ne, ina kuma tara ƙananan dawakin wasa na roba da na tagulla. Na ji an ce akwai waɗanda Turawa ke saye da tsada. Yaya zan gane su, kuma a ina zan same su da araha? Daga wani mai karatu a Mazanya, ƙaramar hukumar Jibiya.

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, amma rabinta. Akwai masu tara irin waɗannan dawaki a duniya, sai dai masu tsadar kaɗan ne ƙwarai, kuma ba yawan yawon kasuwa ke sa a same su ba, sanin kaya ne. Kashi biyu ne ke zuwa wajenmu, kowanne da yadda ake duba shi.

Na farko su ne na roba, waɗanda ke fitowa daga dilar kayan wasan yara na gwanjo. Sunan da ya fi fice a nan shi ne Breyer, kamfanin Amurka da ya fitar da dokinsa na farko a birnin Cikago a 1950, don a ƙawata agogon ajiyewa a ɗaki. Mutane suka riƙa neman dokin ba tare da agogon ba, daga nan sana'a ta kankama. Tun 1990 masu tara su ke yin taron shekara-shekara a Lexington ta jihar Kentucky. Babban samfurin kamfanin kashi ɗaya ne cikin tara na girman dokin gaske, kuma da hannu ake masa fenti. Ka kifa shi ka duba cikin cinyar baya, galibi a nan hatimin kamfanin yake. Waɗanda aka fi nema sun haɗa da shuɗaye da masu ruwan zinariya na shekarun 1960. A lokacin ba su yi kasuwa ba, aka daina yin su da wuri, shi ya sa yau suke wuyar samu.

Mai biye masa a suna cikin na roba shi ne Schleich na Jamus, wanda aka kafa a 1935. Dawakinsa ƙanana ne, ba su da rami a ciki, suna da nauyi a hannu, kuma sunan kamfanin na rubuce a ƙarƙashin ciki. Jabu kuwa za ka ji shi sakayau, ga layin haɗi ya fito ɓaro-ɓaro daga goshi zuwa wutsiya, fentin ido ya zarce inda ya kamata.

Bayan hatimi sai lafiyar kaya. Ka fara duba kunnuwa, da ƙafafu, da bakin wutsiya, domin nan ne ke karyewa a cikin dila. Guntun kunne ɗaya ya isa ya karya farashi. Ka shinshina: idan tsohon Breyer yana tsami kamar ruwan kal, robarsa ta fara lalacewa, kuma ba ta gyaruwa. Kada ka sake masa fenti, kada ka goge shi da fetur ko kananzir. Ruwa da sabulu sun wadatar. Zafin bazara na ƙasarmu yana lanƙwasa ƙafafun, don haka kada a ajiye shi dab da rufin kwano.

Kashi na biyu su ne na tagulla, irin waɗanda dillalan kayan gargajiya ke sayarwa a Kasuwar Kurmi ta Kano. Fitattu cikinsu su ne ƙananan mahaya doki na Kotoko, mutanen kudancin tafkin Cadi, waɗanda suke rataya su a jiki don neman tsari daga taɓin hankali. Ana siffanta dokin da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin, a zuba tagulla a gurbinsa. Dole a fasa yumɓun kafin a fitar da shi, saboda haka da wuya biyu su zo iri ɗaya sak. In ka ga goma a jere kamar an tsaga kara, aikin kasuwa ne. Mayen ƙarfe ba ya kama tagulla, sai ka tafi da mayen a aljihu don gwaji. Sannan ka sani cewa maƙera na tsufar da sabon aiki ta hanyar binne shi ko turara shi da hayaƙi. Sabo ba aibi ba ne, muddin kuɗin sabo ka biya.

Idan kuwa tsohon ne na gaske, doka ta shigo. Dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979 ta ɗauki aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Ba a cinikinsa sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ba a kuma fita da shi waje sai da izini. Kai da ke bakin iyaka, kada wani ya ba ka ajiyar irin wannan ka tsallaka masa da shi.

Game da inda za ka nema, kana kusa da hanya. Gwanjo da yawa daga tashoshin ruwan Kwatano da Lome ya saba sauka Maraɗi, ya biyo ta Ɗan Isa da Magama zuwa Jibiya. Rufe iyaka na 2019 da na 2023 sun dagula wannan hanya, kaya sun yi tsada. Duk da haka ka leƙa kasuwar Jibiya ranar Lahadi. Mafi alheri shi ne ka saba da ɗan gwanjo guda mai kayan wasa, ya kira ka ranar da zai fasa dila, kafin a zube su kashi-kashi. Ka taya kashin gaba ɗaya, kada ka ɗaga guda kana jujjuyawa, in ba haka ba "albarka" za ka yi ta ji. In a Maraɗi ne, ka san canjin sefa na ranar tun kafin ka taya. Ka bi ta ƙofar kwastan da rana, ka bar ɓarauniyar hanya.

Maganar riba kuma, masu sayen suna ƙasashen waje, a shafuka irin su eBay, kuma kuɗin aika doki na gama-gari yakan zarce abin da za a biya ka. Kada ka sa jari a ciki. Ta fuskar addini, malaman Malikiyya sun hana cikakken mutum-mutumin abu mai rai, suka yi rangwame a kayan wasan yara, sai ka nemi fatawar malaminka kafin ka cika ɗaki da su.

A taƙaice, Malam, ka saya a farashin kayan wasa, kuma wanda ko ba a taya ba za ka so ajiye shi. Allah Ya ba da sa'a.