Sabuwar Mota a Ƙurar Maraɗi: Wane Baƙin Mai, Wace Filta?

Malam,

Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar hatsi a Maraɗi. Tun da na fara riƙe sitiyari ban taɓa mallakar motar da wani bai riga ni murza ta ba. Na yi 504, na yi Starlet, na yi Carina, duk na hannu, irin waɗanda aka riƙa shigo da su ta Kwatano. Bana Allah ya hore mini, na je Yamai na ɗauko Toyota Corolla mai fetur, sabuwa dal, kujerunta ma da leda.

Yanzu lokacin juye ya matso, kaina ya ɗaure. Bakanikena, wanda muke tare tun yana yaron gareji, ya buɗe bonet, ya zaro sandar awon mai, ya murza man a yatsunsa, ya ce, "Alhaji, wannan ai ruwa ne, na ƙasar sanyi ne. Rana guda ta watan Afrilu za ta cinye shi. Mu zuba 20W-50, shi ne na ƙasarmu." Ɗana da ke jami'a kuwa ya ɗauko littafin da ya zo da motar, ya nuna mini inda aka rubuta 0W-20, aka ce in babu shi a sa 5W-30. Ya ƙara da cewa man sintetik yana kai kilomita 10,000 ba a taɓa shi ba. Shi kuma yayana na Tibiri cewa ya yi duk surutu ne, mai ai mai ne, in ya yi baƙi a zubar a zuba wani.

Zirga-zirgata ba ta da nisa. Kullum daga gida zuwa kasuwa, ranar Juma'a in je Tibiri in gai da mahaifiyata, sai garkar da nake da ita a Jiratawa, inda nakan sauka daga kwalta in bi hanyar ƙasa har bakin shinge.

Ga kuma batun filta. A wani shago an ajiye mini guda biyu a kan kanta, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya, amma ɗaya ta ninka ɗaya a kuɗi. Mai shagon ya ce duk ɗaya ne, sai dai ƙarfin aljihu.

Malam, maganar wa zan ɗauka? Wane mai zan zuba, wace filta zan saya, kuma bayan kilomita nawa zan riƙa juye? Ba na son in kashe motar da na daɗe ina tari domin ta, ba na kuma son in ɓata da mutumin da ya sha tayar da ni a tsakiyar daji.

Naka,
Wani mai karatu daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi


Alhaji,

Allah ya sanya alheri, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe, ya sa a kashe lafiya.

Amsar a taƙaice ita ce: irin man da za ka zuba, littafin motar ne ke yanke hukuncinsa, lokacin da za ka canza shi kuwa, ƙurar Maraɗi ce ke yankewa. Ɗanka ya yi daidai a ta farko, ya kauce a ta biyu. Bakanikenka kuma ya gane cewa ƙasarmu tana gallaza wa inji, sai dai ya ɗora laifin a kan rana, alhali babban mai laifin ƙura ce.

Bari mu fara da lambobin da ke jikin galan. Man inji kamar man shanu yake, sanyi na sa shi kauri, zafi na tsinka shi. Lambar farko, wadda ke zuwa kafin harafin W, tana nuna yadda man ke gudana lokacin da inji yake a sanyaye. Ƙaramar lamba, saurin gudu. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa idan ya kai zafin digiri 100. To ga abin da mutane ba sa lura da shi: injin da ke da lafiya, da lagireto da tamostat masu aiki, zafin ruwansa yana tsayawa ne a wajen digiri 90, ko a Maraɗi yake a tsakiyar bazara ko a Faransa. Ma'aunin digiri 43 da ke ƙona mana ƙafa a watan Afrilu bai kai rabin zafin da man ke zaune a cikinsa kullum ba. Murza shi a yatsa a bakin gareji ba zai gaya wa kowa yadda yake a cikin wannan zafin ba.

A wancan zafin, mai lamba 50 ya kai kusan ninki biyu na mai lamba 20 a kauri. A injin 504, ko a Carina da ta ci kilomita dubbai a Turai kafin ta iso Kwatano, wannan kaurin yana da rana: ƙarafan sun sake, ringi ya ci, mai kauri yana cike giɓin, yana rage hayaƙi da ƙara. Daga nan bakanikenka ya samo iliminsa, kuma ilimi ne na gaskiya, na motocin da ya saba kwancewa. Injin motarka ba haka aka ƙera shi ba. Tsakanin ƙarafansa a matse yake, hanyoyin mai sirara ne, kuma yana da tsarin da Toyota ke kira VVT-i, wanda ke amfani da matsin man kansa wajen daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul. Ka zuba masa mai kauri, da asubahin Janairu lokacin hunturu man zai yi nawa kafin ya hau saman inji, kuma a waɗannan daƙiƙun farko ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Motar kuma za ta ƙara shan fetur. Ba za ta mutu a ranar ba, shi ya sa ba a gane ɓarnar sai an yi nisa.

Saboda haka ka tsaya a kan abin da littafinka ya lissafa. Tun da ya yarda da 0W-20 da 5W-30, kana iya ɗaukar wanda ka fi samun na ainihinsa a cikin biyun. Wasu littattafan da ake bugawa domin ƙasashe masu zafi suna ɗauke da jadawalin da ya halatta wasu lambobin bisa yanayin gari. Ka sa ɗanka ya duba shafin da kyau. Abin da jadawalin ya ƙunsa halal ne, abin da ba ya ciki a bar shi.

Bayan kauri sai daraja. A jikin galan za ka ga haruffan API, sai wasu biyu a gabansu. Waɗanda suka fara da S na injin fetur ne, masu C na gazuwal. Darajar SN ta fito a 2010, SP a 2020, kuma ta baya-baya tana maye gurbin ta da. Ka nemi wadda littafin ya ambata ko wadda ta fi ta sabunta. Har yanzu a kasuwanninmu ana sayar da mai mai ɗauke da SF, wanda hukumar da ke ba da darajar da kanta ta ce bai dace da yawancin injinan fetur da aka ƙera bayan 1988 ba. Arahar irin wannan ba taka ba ce. Mai lamba 0W-20 dama sintetik ne, kuma sintetik ya fi jure zafi kafin ya lalace, wanda shi ne ainihin amsar damuwar bakanikenka.

Yanzu ga inda ɗanka ya kauce. Kilomita 10,000 ɗin da ya gani na motar da ke doguwar tafiya ce a kan kwalta mai tsabta. Ya ƙara buɗe littafin, zai tarar da wani jadawali na biyu na aiki mai wahala, wanda ya lissafa hanya mai ƙura, gajerun tafiye-tafiye, da barin inji yana aiki mota na tsaye. Ka dubi rayuwar motarka. Daga gida zuwa kasuwa, kana taka birki tsakanin 'yan kabu-kabu da adaidaita, ka kashe ta kafin man ya gama ɗaukar zafi. Tibiri ma nan kusa ce. Jiratawa kuma rairayi da ƙurar hanyar garka. Sharuɗɗan nan duk ka cika su. A wannan jadawalin yawanci rabi ake yi, wato wajen kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Shi za ka bi, ko da man ya fi kowane tsada. Mai tsada yana jure zafi, amma ba ya narkar da yashi.

Yayanka kuma, a gaya masa cikin ladabi cewa baƙin launi ba shi ne ma'auni ba. Man kirki yana ɗauke da sinadaran wanke inji, aikinsa ne ya kwashi dauɗa ya yi baƙi. Launin da ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne in ka ga man ya koma kamar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga.

Sai filta, kuma na fi son ka ba wa ta iska muhimmanci fiye da yadda aka saba. Kowace lita guda ta fetur da motarka ta ƙona, injin yana zuƙar iska wajen lita 9,000. Ka tuna yadda sararin Maraɗi yake daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe rana, ka san abin da wannan 'yar takardar mai ninki-ninki take tarewa. Ƙurar da ta wuce ta tana goge ringi da bangon silinda, sauran ta gangara cikin mai. Ka riƙa buɗe akwatin filtar a kowane juye, lokacin hunturu ma fiye da haka. Ka ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta. In haske ba ya ratsawa, ko ka ga huda ko da ƙarama ce, a canza. Kada ka bari yaran gareji su hura ta da iskar faci mai ƙarfi, takardar tana yagewa a inda ido ba ya gani. A kuma tabbatar murfin akwatin ya zauna daram, domin filta sabuwa a akwatin da bai rufu ba daidai take da babu. Da damina, in ka ratsa ruwa mai zurfi a hanyar gulbi, ka duba ko ta jiƙe.

Filtar mai ana canza ta ne a kowane juye, ba a tsallake ɗaya. Waɗancan biyun da aka ajiye maka a kan kanta ba ɗaya ba ne, kwalin ne kawai ɗaya. Ta ainihi takardarta tana da yawa da ƙwari. In irin mai gwangwani ce da ake murɗawa, a cikinta akwai bawul da ke hana mai zurarewa idan an kashe mota, da wani da ke buɗe hanya idan ta toshe don kada inji ya bushe. A nan ne mai jabu yake rage kuɗinsa. Ka ɗauki biyun a hannu, sau da yawa ta jabu ta fi sauƙi, rubutunta ya dusashe, robar bakinta ta yi tauri. Amma masu jabu sun ƙware, don haka abin dogaro shi ne wurin saye. Ka ba dillalin da ka sayi motar lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ya ba ka filtar da ta dace da injinka. Tun da tsakaninka da Yamai ya haura kilomita 600, ka sayi na juye biyu ko uku lokaci guda, na mai da na iska, ka ajiye a gida inda ba laima.

Haka ma man. Kada ka zuba wa wannan motar na awo da ake ɗurawa daga duro ko kwalba a bakin titi. Ka saya a gidan mai ko wurin wakilin kamfanin, ka duba hatimin murfin, a fasa shi a gabanka. In an gama, ka huda galan ɗin da wuƙa, domin da irin waɗannan galan-galan ɗin ake sake cika gurɓataccen mai a mayar kasuwa. Kada a ƙara wani magani a cikin man da sunan ƙarfafa shi. Fetur ma ka sha a gidan mai. A irin motarka filtar fetur tana cikin tanki tare da famfo, ba abin da ake canzawa a kowane juye ba ne, kuma ruwa da tsakin da ke cikin fetur na kwalba can suke taruwa.

Kafin kowa ya kwance noti, ka kira dillalin ka tambaye shi sharaɗin garanti: shin juye a wani gareji yana soke shi? Ka nemi amsar a rubuce. In ya ce lallai sai a wurinsu, ka haɗa juyen da tafiyar kasuwancinka ta Yamai har garantin ya ƙare. In ya yarda a yi a Maraɗi, ka ajiye kowane rasiɗi, ka rubuta kwanan wata da kilomita a littafin.

Batun bakanikenka ba sai an kai ga ɓacin rai ba. Kada ka aika ɗanka ya karanta masa littafi a gaban yaransa. Ka je da kanka, ku keɓe, ka ce masu motar ne suka gindaya wannan sharaɗin, kuma kai ba ka son hannun kowa a kanta sai nasa. Ka zo da manka da filtarka. Ka kuma tuna cewa wani ɓangare na ribarsa a cikin man da yake sayarwa take, don haka ka kyautata kuɗin aikinsa ya rufe giɓin. Ka roƙe shi abu uku: ya sa sabuwar washa a notin juye, ya auna man daidai da abin da littafin ya ce ba tare da ya haura alamar sama ta sandar awo ba, kuma kada ya cire tamostat da sunan taimaka wa mota a kan zafi, kamar yadda aka saba yi wa tsofaffi.

Tsohon man da aka juye kuma kada a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiyar garka. A tara a jarka a rufe. Kai kuma kowane mako, da safe kafin ka tayar, mota na tsaye a wuri mai daidai, ka zaro sandar ka goge, ka mayar, ka sake zarowa ka duba. A gai da Hajiya a Tibiri.